Suresh Gopi da kujerar Thrissur: yadda ɗan sandan fim ya buɗe wa BJP ƙofar Kerala

Ranar 4 ga Yunin 2024 ba ta yi wa jam'iyyar BJP ta Firaminista Narendra Modi daɗi ba. Da aka gama ƙidayar ƙuri'un majalisar wakilan Indiya, wato Lok Sabha, kujerunta sun sauko daga 303 zuwa 240, dole ta jingina da ƙananan jam'iyyu kafin ta kafa gwamnati. Amma can kudu maso yamma, a jihar Kerala, an samu sakamako guda da ya rage mata zafi. Wani ɗan fim mai suna Suresh Gopi ya ci mazaɓar Thrissur da ratar ƙuri'u 74,686. Tun da aka kafa BJP a 1980, ba ta taɓa tura ɗan majalisar wakilai ko ɗaya daga Kerala ba sai a kansa. Kwana biyar bayan haka aka rantsar da shi ƙaramin minista, aka haɗa masa ma'aikatar man fetur da iskar gas da ta yawon buɗe ido.

Mai kallo daga nesa zai ce ai ba wani abin mamaki: jarumi ne, jama'a na son sa, suka zaɓe shi. Wannan bayani ya yi sauƙi da yawa. Da farin jinin fim ne ke cin zaɓe a Kerala, da Suresh Gopi bai faɗi sau biyu a wannan gari na Thrissur ba, kuma duk sau biyun na uku ya zo.

Sai an san Kerala kafin a gane nauyin abin da ya faru. Jiha ce siririya da ta miƙe a bakin tekun Larabawa, an kafa ta a 1956 domin masu magana da harshen Malayalam. A ƙidayar 2011, mabiya addinin Hindu kusan kashi 55 ne cikin ɗari, Musulmi sun haura kashi 26, Kiristoci kuma kashi 18 da ɗoriya. Ke nan kusan rabin masu jefa ƙuri'a ba sa cikin mutanen da BJP ta saba yi wa magana. Sauran rabin ma ba a hannunta suke ba, domin tun 1957 Kerala ta zaɓi gwamnatin 'yan kwaminis ƙarƙashin E. M. S. Namboodiripad, kuma har yau jar tuta na da tushe a cikin talakawan Hindu. Siyasar jihar ta daɗe tsakanin ƙawance biyu: LDF da jam'iyyar kwaminis ta CPI(M) ke jagoranta, da UDF da jam'iyyar Congress ke jagoranta tare da jam'iyyar Musulmi ta IUML. Shekaru kusan arba'in ana karɓa-karɓa, wannan ya hau wancan ya sauka, har sai da Pinarayi Vijayan ya karya al'adar da ya yi tazarce a 2021. BJP kuwa sai a 2016 ta samu kujera ɗaya tak a majalisar jiha, ta hannun dattijo O. Rajagopal a Nemom, ita ma ta suɓuce mata a 2021.

Ga kuma wani hali na mutanen Kerala da ya raba su da maƙwabtansu. A Tamil Nadu, M. G. Ramachandran ya tashi daga fim ya zama babban ministan jiha a 1977, ya riƙe har rasuwarsa a 1987, Jayalalithaa ta biyo sahunsa. A Andhra Pradesh, N. T. Rama Rao ya kafa jam'iyya a 1982, cikin wata tara ya karɓi mulki. Abin dariyar shi ne shi Ramachandran ɗin asalin iyayensa 'yan Kerala ne, amma da a gida ya tsaya, da wuya ya kai inda ya kai. Ɗan Kerala yana karanta jarida tun da sassafe, yana da ƙungiyar ƙwadago, yana da jam'iyyar da ya gada daga ubansa. Zai biya kuɗi ya kalli fim ɗinka sau uku, ranar zaɓe kuma ya dangwala wa sakataren jam'iyyar unguwarsu. Murali, ɗaya daga cikin ƙwararrun 'yan wasan jihar, ya tsaya a Alappuzha a 1999 ya sha ƙasa. Waɗanda suka ci, irin su ɗan barkwanci Innocent a Chalakudy a 2014 da Mukesh a Kollam a 2016, a kan kafaɗar LDF suka hau. K. B. Ganesh Kumar kuwa ɗan gado ne, mahaifinsa tsohon minista ne mai jam'iyyar kansa. Babu ɗayansu da ya ɗauko jam'iyyar da ba ta da kujera ya kai ta ga nasara.

An haifi Suresh Gopi a 1958, ya tashi a garin Kollam. Mahaifinsa mai rarraba finafinai ne, don haka harkar ba baƙuwa ba ce a gidansu, har ya ɗan fito a wani fim a 1965 yana yaro. Ya yi digirin farko a ilimin dabbobi, na biyu a adabin Ingilishi, sannan ya dawo gaban kyamara a 1986. Shekarun farko bos yake fitowa, ko abokin jarumi, a lokacin da Mammootty da Mohanlal suka riga suka raba masana'antar a tsakaninsu. Dogo ne, mai murya, mai iya zare ido, amma wurin na uku ba a ba kowa shi kyauta.

Abin da ya sauya masa rayuwa shi ne haɗuwarsa da darakta Shaji Kailas da marubuci Renji Panicker a farkon shekarun 1990. Su ne suka ƙera masa rigar da har yau bai cire ba, ta jami'in gwamnati mai zafin rai wanda ba ya karɓar cin hanci. Ƙololuwarta ita ce fim ɗin Commissioner na 1994, inda ya fito a matsayin Bharathchandran, kwamishinan 'yan sanda. Wanda ya kalla ba zai manta salon ba: ya shiga ofishin babban mutum ba sallama, ya tsaya a kansa, ya nuna shi da yatsa, ya kwararo masa magana mai tsawo ba numfashi, rabi Malayalam rabi Ingilishi, yana lissafa masa laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo na tafi da fito. An juya fim ɗin zuwa harshen Telugu, can ma ya yi kasuwa. Masu kwaikwayon murya a dandamalin barkwanci, sana'ar da ke da ƙarfi a Kerala, sun shafe shekaru suna cin abinci da wannan yatsa da wannan tsawa. Masu kallon finafinan kudancin Indiya da ake fassarawa da Hausa sun san irin wannan ɗan sanda sarai, ko da ba su san Suresh Gopi ba.

Ba ihu kaɗai ya iya ba, a yi masa adalci. A 1997 darakta Jayaraj ya ɗauki labarin Othello na Shakespeare ya dasa shi a arewacin Kerala cikin masu rawar bauta ta Theyyam, ya sa wa fim ɗin suna Kaliyattam. Suresh Gopi ya fito da fuska mai zanen agana, mutum mai kishi da ke cin kansa a hankali. Wannan rawa ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasa baki ɗaya, wadda ya raba da Balachandra Menon. Sai dai kasuwa ɗan sanda take so, shi ma ya yi ta ba ta ɗan sanda har mutane suka fara ƙoshi.

A ganina, matakin da ya fi kusantar da shi ga akwatin zaɓe ba a sinima aka taka shi ba, a talabijin ne. Daga 2012 ya riƙa gabatar da shirin kacici-kacici na tashar Asianet wanda babbar kyautarsa rupi miliyan goma ce. A nan matan gida da tsofaffi, waɗanda ba su damu da fim ɗin harbe-harbe ba, suka ga wani mutum daban: yana sauraron wadda ta zo neman kuɗin aikin asibitin ɗanta, idonsa ya cika da hawaye, wani lokaci ya yi alkawarin taimako daga aljihunsa. Shi kansa ya taɓa rasa 'yarsa ƙarama a haɗarin mota a 1992, kuma ya kafa gidauniyar taimako da sunanta. Ya tallafa wa iyalan da maganin feshi na endosulfan ya nakasa wa 'ya'ya a gundumar Kasaragod. Abokan hamayya na cewa taimakon nasa ba ya rabuwa da kyamara. Ko da haka ne, wanda aka biya wa kuɗin magani bai damu da kyamara ba.

A siyasa kuwa ya yi yawo kafin ya zauna. Yana ɗalibi ya yi ƙungiyar ɗalibai ta SFI mai alaƙa da 'yan kwaminis. Daga baya ya zama masoyin Indira Gandhi, tsohuwar firaminista 'yar Congress, da K. Karunakaran, jigon Congress a Kerala. A zaɓen jiha na 2006 ya yi abin da ba kasafai ake gani ba: ya taya V. S. Achuthanandan na LDF kamfe a Malampuzha, ya kuma taya ɗan takarar ɓangaren UDF a Ponnani. Sai bayan da Modi ya hau mulki ya karkata gaba ɗaya. A Afrilun 2016 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa ta Rajya Sabha, cikin kujeru goma sha biyu da tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon cikewa da mutanen da suka yi fice a fasaha, adabi, kimiyya ko hidimar jama'a. A Oktoban shekarar ya karɓi katin BJP. Wato ya shiga majalisa ta ƙofar da ba ta buƙatar ƙuri'a, ya zauna shekara shida.

Takararsa ta farko a Thrissur a 2019 ta zo ana tsakiyar rikicin Sabarimala. Kotun ƙolin Indiya ta yanke hukunci a Satumban 2018 cewa mata na kowane shekaru za su iya shiga wurin bautar Ayyappa, wani abin bautar Hindu, da ke Sabarimala, gwamnatin LDF ta ce za ta aiwatar, masu ra'ayin riƙau suka fito titi. BJP ta ɗauka lokacinta ya yi. Suresh Gopi ya ambaci Ayyappa a wurin kamfe har jami'ar zaɓen gunduma ta aika masa takardar neman bahasi. A wannan kamfen ne ya yi maganar da ta bi shi shekara biyar, cewa yana son Thrissur, a ba shi Thrissur, shi kam zai ɗauke Thrissur. Ya faɗe ta da muryar Bharathchandran, sai ga shi ya zo na uku. 'Yan intanet na Kerala, waɗanda ba su da tausayi wajen zolaya, suka mayar da ita abin dariya. Amma wanda ya duba alƙaluma bai yi dariya ba. A 2014 BJP ta samu ƙuri'u dubu ɗari da 'yan kai a mazaɓar. Shi ya kai su 293,822. A 2021 ya sake tsayawa, wannan karon kujerar majalisar jiha ta cikin birnin, ya sake zuwa na uku, amma tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya ci ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba.

Ɗan fim da ya faɗi zaɓe yakan koma wurin ɗaukar fim ya ce siyasa ƙazanta ce. Shi bai tafi ba, kuma a nan ne labarin ya bambanta. Ya ci gaba da zuwa Thrissur, kasuwa da wurin biki da gidan makoki. Da badaƙalar bankin haɗin gwiwa na Karuvannur ta fashe, bankin da 'yan CPI(M) ke juyawa, inda sama da rupi biliyan ɗaya suka salwanta ta hanyar basussukan bogi, talakawa suka kasa cire kuɗin aurar da 'ya'ya da na asibiti, sai ya samu abin da ya dace da rigarsa. A 2 ga Oktoban 2023 ya yi tattaki a ƙafa daga Karuvannur zuwa cikin Thrissur, kimanin kilomita 18, tare da waɗanda kuɗinsu ya maƙale.

Sai batun Kiristoci. Thrissur cibiya ce ta Katolikan Syro-Malabar, 'yan kasuwa masu riƙe da shagunan gwal da bankuna, kuma galibinsu Congress suke yi tun kaka da kakanni. BJP ta daɗe tana zawarcinsu, amma rikicin jihar Manipur da ya ɓarke a Mayun 2023, inda aka ƙona majami'u da dama, ya sa malaman coci ɗari-ɗari. A Janairun 2024 Suresh Gopi ya je babban cocin Lourdes da iyalinsa ya ɗora kambin gwal a kan mutum-mutumin Maryamu. Aka yi ta cece-kuce kan ko gwal ne zalla ko tagulla aka shafa wa ruwan gwal, amma saƙon ya isa inda aka aika shi. Kwana biyu bayan haka Modi da kansa ya halarci ɗaurin auren 'yar Suresh Gopi a wurin bauta na Guruvayur, Mammootty da Mohanlal na tsaye a gefe. Mako biyu kafin nan ma Modi ya yi babban taron mata a birnin. Duk mai ido ya gane Delhi ta zuba jarinta a wannan mazaɓa.

Congress ta taimaka masa ba da niyya ba. A Maris 2024 Padmaja Venugopal, 'yar Karunakaran, ta koma BJP. Don a rufe wannan kunya, jam'iyyar ta janye ɗan majalisarta mai ci, T. N. Prathapan, wanda har an fara rubuta sunansa a bangon gidaje, ta ɗauko yayan Padmaja, K. Muraleedharan, daga mazaɓar Vadakara ta kawo shi Thrissur ana saura 'yan makonni. LDF kuwa ta tsayar da V. S. Sunil Kumar na CPI, wata jam'iyyar kwaminis a cikin ƙawancen, tsohon ministan noma na jihar, ɗan gari mai mutunci.

Ana saura mako guda a jefa ƙuri'a aka yi bikin Pooram, wanda shi ne ran Thrissur. Fiye da shekara ɗari biyu ana yin sa a filin da ya kewaye wurin bautar Vadakkunnathan. Ɓangarori biyu, Thiruvambady da Paramekkavu, kowanne ya jero giwaye goma sha biyar da ado na zinariya a goshi, su fuskanci juna, masu ganguna da kakaki ɗaruruwa na kaɗawa, a kan giwayen ana ta sauya laima masu launi iri-iri, kowane ɓangare na neman ya burge taron. Kafin asuba a rufe da wasan wuta. A daren 19 ga Afrilun 2024 'yan sanda suka kafa shingaye suka takura wa jama'a da masu hidimar bikin, ɓangaren Thiruvambady ya fusata ya dakatar da shagalinsa ya kashe fitilun rumfarsa, wasan wutar da aka saba yi cikin duhu sai da gari ya waye aka yi shi. Cikin wannan ruɗani sai ga Suresh Gopi ya iso wurin a motar ɗaukar marasa lafiya, ya shiga tattaunawa da shugabannin bikin. Daga baya 'yan sanda sun buɗe masa fayil kan amfani da motar. CPI da Congress sun yi zargin cewa da gangan aka ɓata bikin domin a tunzura masu bauta, zargin da ya ƙara ƙarfi da aka gano wani babban jami'in 'yan sandan jihar ya taɓa ganawa da shugabannin RSS, ƙungiyar 'yan kishin Hindu da BJP ta samo tushe daga gare ta. Ba a tabbatar da wannan a kotu ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, a daren da jama'a ke jin haushin 'yan sandan gaske, ɗan sandan fim ne suka gani a wurin.

Alƙaluman sun faɗi sauran. Suresh Gopi ya samu 412,338, Sunil Kumar 337,652, Muraleedharan 328,124. Idan aka gwada da 2019, ƙuri'un LDF ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka ɗan yi. Na Congress ne suka zube, daga dubu 415 zuwa dubu 328. Wato ba jar tuta ya yaga ba, gidan Congress ya shiga ya kwashe, kuma da wuya a yi irin wannan kwasa a Thrissur ba tare da wani kaso na Kiristoci da manyan dangogin Hindu da ke bin Congress ba. Ya zo na ɗaya a shida daga cikin yankuna bakwai na mazaɓar, Guruvayur kaɗai ta ƙi shi, inda Musulmi ke da yawa. A faɗin Kerala kuwa UDF ta kwashe kujeru 18 cikin 20. Iskar ba ta BJP ba ce a jihar, ta mutum ɗaya ce a gari ɗaya. A 2025 'yan hamayya sun taso da zargin cewa an cusa sunayen baƙi a rajistar masu zaɓen mazaɓar, BJP ta musanta.

Tun da ya hau kujera, rigar da ta kai shi ita ce ke matse shi. Bharathchandran ba ya amsa tambaya, shi ke yi. Minista kuwa dole ya tsaya gaban 'yan jarida, dole ya karɓi takardar koke daga hannun tsoho ko da ya gaji. Tun kafin zaɓe, a Oktoban 2023, ya ɗora hannu a kafaɗar wata 'yar jarida a Kozhikode tana ture hannun, abin da ya kai ga ƙara wurin 'yan sanda da neman afuwa daga gare shi. Bayan zaɓe ya kira Indira Gandhi uwar Indiya, 'yan jam'iyyarsa suka yi tsuru-tsuru, ya dawo yana gyara zance. A Fabrairun 2025 ya ce kamata ya yi a ba ɗan babban dangi ma'aikatar kula da ƙabilun daji, magana mai nauyi a ƙasar da rabe-raben dangi ya yi wa tabo, ya janye ta bayan an yi masa ca.

Kuma zuciyarsa ba ta bar fim ba. Wata biyu da zama minista ya faɗa a bainar jama'a cewa ya nemi izinin ci gaba da fitowa a finafinai, kuma idan aka sauke shi saboda haka, ya huta. A 2025 ya ɗanɗana abin da 'yan fim ke kuka da shi: hukumar tace finafinai ta ƙasa ta riƙe wani fim da ya fito a matsayin lauya, saboda sunan jarumar, Janaki, ɗaya ne daga sunayen Sita da mabiya Hindu ke girmamawa, ita kuwa a labarin fyaɗe aka yi mata. Sai da aka je babbar kotun Kerala, aka ƙara harafi ɗaya a sunan fim ɗin, aka toshe sunan a wurare biyu, sannan ya fita a Yuli. Minista a gwamnatin da hukumar ke ƙarƙashinta bai ce uffan ba tsawon rikicin, 'yan masana'antar kuwa suka yi zanga-zanga a ofishin hukumar da ke Thiruvananthapuram. A Oktoban shekarar, a wani taro a Kannur, ya ce samunsa ya tsaya cak tun da ya zama minista, yana son komawa wasa, har ya ba da shawarar a naɗa ɗan majalisar Rajya Sabha C. Sadanandan Master a madadinsa.

Tambayar da ta dami BJP ita ce ko ƙuri'un nan nata ne ko nasa. Zaɓen ƙananan hukumomi na Disamban 2025 ya ba da amsa mai fuska biyu. Jam'iyyar ta karɓe majalisar birnin Thiruvananthapuram, hedikwatar jihar, a karon farko, bayan shekaru masu yawa a hannun 'yan kwaminis, kuma can ba ta da jarumin fim, aikin unguwa-unguwa ne na shekaru. A birnin Thrissur kuwa, inda Suresh Gopi ya yi rinjaye shekara ɗaya da rabi kafin nan, UDF ce ta lashe majalisar, BJP ta zo ta uku.